Babi na Tara da Malama Habiba

Sau ɗaya tak na taɓa koyar da babi na tara, babin jinin al'ada, kuma ban kai ƙarshensa ba. Ni ne malamin bayoloji a wata sakandaren 'yan mata da ke Kurmin Mashi. Na zana mahaifa a allo, wata yarinya daga baya ta tambaya ko kan rago ne. Aji ya kece da dariya, gumi ya jiƙa mini hula, na ce su karanta a gida, na fice da dasta a hannu.

Malama Habiba ce ta ƙarasa darasin. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ba fanninta ba ne. Ilimin duwatsu ta karanta a jami'a, labarin ƙasa aka ɗauke ta koyarwa. A Abakpa ta tashi, gidan mai sayar da gawayi, kuma tun tana ƙarama take cika gwangwani da tsakuwoyin bakin layin dogo, tana shan faɗa. Amma babin nan ta iya shi. Takan bi kwanakin wata ɗaya bayan ɗaya, ta nuna yadda sinadaran jikin mace ke hawa su sauka, har yarinya ta gane ciwon mara da saurin fushi ba aikin aljanu ba ne. Iyaye suka yaba. Shi ke nan, babi ya zama nata.

Sau uku tana samun gurbin ƙaro karatu, sau uku firinsifal yana jefa takardar izininta a durowa. Maganarsa ɗaya ce: in ta tafi, wa zai tsaya gaban 'yan aji uku? Bana ce damarta ta ƙarshe, shekarunta sun kusa wuce ƙa'ida, kuma ranar Juma'a ake rufe karɓar takardu.

Ranar Laraba na same ta a ofishin malamai, ta zuba wa fankar da ba ta juyawa ido. Bakina da ba ya zama lafiya, sai na tuna mata darasinta na labarin ƙasa: yadda dazuzzukan fadama na zamanin da duniya ke cike da ɗumi da laima, suka zube, laka ta binne su, sai bayan miliyoyin shekaru suka zama kwal. Na ce ita goma sha ɗaya kacal ta yi, ta ƙara haƙuri.

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta turo mini littafin bayoloji a buɗe, daidai babi na tara.

"Malam Haruna, itatuwan nan ba haƙuri suka yi ba, danne su aka yi. Gobe ƙarfe tara 'yan aji uku na jiran ka. Na ce wa firinsifal ya zo ya zauna a baya, ya ga mai tsayawa gabansu in na tafi."