Labbo Mai Mutuwar Gwaji

Labbo mutumin Nasarawa Burkullu ne. Da damina yana noman gero da dawa, in an yi kaka ya kasa rake a bakin tasha. Dogo ne siriri, idanunsa a zurme tun haihuwa, ko ya ci ya ƙoshi sai ka rantse jiya aka sallamo shi daga asibiti. Wannan kamannin ne ya samo masa aikin gwamnati.

A shekarar 2014, da maganar Ibola ta cika rediyo, aka kafa kwamitin shirin ko-ta-kwana. An sayo sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya, da fararen riguna masu rufe mutum ruf har ido, da bokitai masu famfo. An yi kwana biyar ana taro a otal ana cin kaji. Sai da aka sa ranar gwada wa manya yadda za a yi in cutar ta zo, sannan aka tuna babu majinyaci.

Sakataren kwamitin, Malam Hafizu, ya tsaya sayen rake, ya dubi Labbo sama da ƙasa.

"Bawan Allah, ka iya faɗuwa?"

"Faɗuwa kamar ƙaƙa, ranka shi daɗe?"

"Kamar ciwo ya kada ka. Akwai alawus."

A filin ƙwallo na Bukkuyum aka yi gwajin farko, rana tsaka. Labbo ya dafe ciki, ya yi tangaɗi, ya zube gaban rumfar manya. Mutum huɗu masu fararen riguna suka ɗauke shi. Ba su yi taku goma ba ɗayansu ya suma da gaske saboda zafin rigar. Labbo, wanda a tsarin an riga an ce ya cika, ya sauko daga makara yana yi masa fifita da hularsa. Manya suka tafa, sun ɗauka haka aka tsara.

Ba wanda ya tuna ya gaya wa matarsa Tabawa cewa gwaji ne. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi, ya tarar da mata cike da tsakar gida ana gaisuwar mutuwa, har an fara dakan gumba.

Daga nan aiki ya buɗe. Ya mutu da Ibola a Anka, ya mutu da amai da gudawa a Gummi, zazzaɓin Lasa ya kashe shi sau biyu a Gwashi don mai hoto ya makara. Cikin shekara uku ya mutu sau tara. Rake kam ya daina sayarwa, don mutane sun ce ba sa shan raken wanda cuta tara ta taɓa. Bai damu ba. Ya fara sa agogo, yana ce wa abokansa shi ma'aikacin lafiya ne.

A bazarar 2017 sanƙarau ya shigo ƙasar, ba a yi masa taro ba, ba a yi masa gwaji ba. Wata safiya Labbo ya tashi kansa kamar zai tsage, wuyansa ya ƙage, ya faɗi a ƙofar gida. Maƙwabta suka taru suna kallo.

"Kai, Labbo ya ƙware," in ji wani dattijo. "Wagga faɗuwa ta hi ta Gummi kyau."

Tabawa ta taɓa goshinsa ta ji kamar garwashi. Ta ari waya ta kira Malam Hafizu ta ce a turo motar nan.

"Ai ba mu sa ranar gwaji ba," ya ce. "Kuma motar tana birni, ana ƙaddamar da sabon shiri, za a yanka mata zare."

Ta kashe wayar. Ta kira ƙanenta Sa'idu, suka ɗora Labbo a amalanken shanu har bakin titi, suka tari motar kasuwa. A asibiti ma masu gadi suka gane shi, suna dariya suna cewa ga ɗan wasa ya iso. Wata nas mai suna Maimunatu ce ta ɗaga kansa, ta ga wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ta daka musu tsawa. Gadaje sun cika, a gindin dogonyaro aka shimfiɗa masa tabarma, aka rataye ledar ruwa a reshe. Tabawa ta sayar da awakinta biyu ta sayo allura.

Labbo ya tashi bayan kwana goma sha ɗaya, amma kunnensa na hagu ya tafi. A gwaji na gaba aka busa usur don ya faɗi, bai ji ba, yana tsaye yana murmushi gaban baƙi. Aka sallame shi.

A madadinsa kwamiti ya sayo mutum-mutumin roba daga Abuja, wanda aka ce kuɗinsa zai haƙa rijiyar burtsatse. Labbo ya yi tattaki har ofis don ya gan shi. Ya same shi kwance kan benci, fari sol, da ƙiba, baki buɗe. Ya daɗe yana dubansa, ya latsa cikinsa da yatsa.

"Wanga ko nishi bai iya ba," ya ce wa masinja.

Ya fito ya hau mashin ɗin haya ya koma gida, don an yi ruwa, kuma bai gama shuka ba.