Faifan da Ba Mai Nema

A rumfar Chibesa mai tsofaffin faya-fayai, cikin kasuwar Kitwe, wani dattijo yana tsaye tun hantsi. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, ga biro uku a aljihu. Faifai ɗaya yake ta juyawa, wanda wasu makaɗan salon rok na garin suka yi wa wani fim shekara arba'in baya.

"Baba, ajiye wannan," in ji Chibesa. "A duk aikinsu shi ne koma-baya. Har jarida ta ce gara ƙarar injin niƙa."

"Ɗora mini shi, 'yata."

Ta ɗora shi a kan na'ura, allura ta sauka. Jita tana jan ƙafa, mai ganga kamar yana gyangyaɗi. Dattijon ya runtse ido, leɓɓansa na motsi. Chibesa tana ayyanawa ko ɗaya daga cikin makaɗan ne.

Da kiɗan ya ƙare, ya mayar da faifan cikin kwalinsa a hankali.

"Ni na rubuta maganar injin niƙan," ya ce. "Kuma ban yi ƙarya ba. Sai dai makaɗan nan biyar da ke tare ni a hanya su zage ni, duk na raka su makabarta."