Ruwan Alwala a Gindin Gawo

Shekarata biyu da fara koyarwa aka ɗauke ni daga Bodinga aka jefa ni wani ƙauye gaba da Horo Birni. Jefawa na ce, don ban san wani sunan da ya dace da abin ba. Aji biyu ne na laka. Ni ne hedimasta, ni ne malami, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. Ɗakina yana bayan makaranta, nesa da gari, in yara suka tashi ba na sake jin muryar mutum sai ta ladan. Zamanin farar hula ne, ana tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an bi layi a birni, balle alli ya iso gare mu.

Bayan kakar wata shekara da gero bai yi ba, motoci biyu suka tsaya a bakin makaranta. Malaman jami'a ne, za su ƙetare iyaka su shiga hamada, su ga yadda yashi ke cin ƙasa. Jagoransu, wani dattijo mai tabarau, ya tara yara ya ce su faɗa masa itatuwan da kakanninsu ke ambata amma su ba su taɓa gani a garin ba. Yara suka yi ta kawowa, wannan ya ce taura, wancan ya ce ɗinya. Ya ce musu duk itacen da ya tafi, da tsuntsunsa yake tafiya, da maganinsa, da zumarsa. Sannan ya juyo gare ni. Ya ce kowace makaranta da ke kan hanyarsu za ta reni itatuwan gida, su kuma kafin damina ta faɗi za su biyo su duba, su ba yara labarin hamada.

Wallahi na manta rabon da wani ya zauna ya yi magana da ni kamar mai kai a wuya. Na ce a raina ko me za a yi, sai mutumin nan ya dawo ya tarar da itace tsaye.

Gawo na zaɓa. Da 'ya'yansa suka fara zuba, muka tsinto da yara, na ɓare, na wanke ƙwayoyin tas, na shuka a gwangwanayen tumatir. Mako uku ina ba su ruwa, ko ƙyas.

Akwai wata tsohuwa Bafulatana mai tallar nono, ita kaɗai ke ratsowa ta wurina. Inna nake ce mata. Ta tarar da ni a tsugune ina harar gwangwani.

"Kaɗo, mi kaka binnewa nan?"

"Gawo, Inna."

Ta sauke ƙwarya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai da karatunka duka, ba ka san gawo ba shi tsira sai ya bi ta cikin akuya ba?"

Raina ya ɓaci, na ce mata ni dai abin da na sani shuka da ruwa. Ba ta kula ni ba. Washegari sai ga ta da kashin awaki cike da ƙoƙo, ta dire a gabana. Haka na zauna, hedimasta guda, ina murje kashin akuya ina tsinto ƙwaya, tana gefe tana cewa in yi a hankali kada in ɓata farar rigar gwamnati. Ba a yi kwana goma ba suka tsiro. Na yi murna kamar an yi mini haihuwa, amma ba wanda zan gaya wa sai ita, ita kuma ta riga ta sani.

Sai rani ya tsananta. Rijiya ta ja baya, mata na kwashe rabin yini kafin su cika tulu. Gidaje suka fara watsewa, ana tafiya cin rani da yara duka, ajin da ke cika ya koma mutum shida. Mai gari ya aiko mini da gaisuwa mai tsawo, a ƙarshenta aka ce ruwan mutane bai isa ba, malam ya yi haƙuri da gwangwanayensa. Na ji zafi, amma gaskiyarsa ce.

Abin da ya rage mini buta. Na daina zubar da ruwan alwala a ƙasa, na koma yi a kan tsiron, sau biyar a yini. Bai isa duka ba, suka riƙa bushewa ina kallo, har saura guda. In azahar ta riski Inna a wurina, ita ma a kansa take yin tata, tana masa tsiya wai ɗan malam ne, ba ya shan ruwa sai mai tsarki. Wata rana ta zo ba ƙwarya. Za su kora shanu kudu, ta ce, ba ciyawa. "Ka riƙe ɗanka, Kaɗo." Ban sake ganinta ba.

Daga nan ni kaɗai ne da tsiron. Ina magana da shi, ba zan ɓoye ba. Duk ƙarar mota da na ji sai in fito da gudu, sai in ga a-kori-kura ce ta wuce. A rediyo na ji sojoji sun karɓi mulki, daga baya na ji an rufe iyaka. Ta wace hanya ayarin malaman jami'ar ya koma gida, ban sani ba har yau. Da ruwan farko ya sauka na dasa tsiron a bakin aji, na kewaye shi da ƙaya. Kafin kaka takardar canjin wurin aiki ta zo.

Sai bayan na yi ritaya na koma. Ajin laka ya rushe, an yi na bulo can gaba. Gawon yana nan, hannuna biyu ba su zagaye shi, awaki kwance a inuwarsa. Wani magidanci yana gyaran garma a gindin. Muka gaisa, na tambaye shi wa ya shuka wannan itace.

Ya dube ni da mamaki. "Alhaji, ai gawo ba a shuka shi. Akuya ka kawo shi."

Na ce haka ne. Azahar ta yi, na roƙe shi aron buta, na tsuguna a gindin na yi alwala.