Mai Kwashe Shanya

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Habibu, ɗan wan mahaifina. Allah Ya ji ƙansa. Ina neman uzurin masu karatu tun daga farko, domin wasu abubuwan sun fara dushewa a kaina, kuma ina tsoron in ɗora wa mamaci abin da bai faɗa ba.

A shekarun da ruwa ya yi ta ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba, gidaje da yawa a ƙauyukanmu na gefen Zakirai sun cinye irin shukarsu. Ƙungiyar manomanmu ta samo iri, amma sai wanda sunansa ke cikin jeri za a auna wa. Yaya Habibu ke riƙe da jerin, a wata tsohuwar kwamfuta mai aiki da batirin mota. Baƙin allo ne kawai da ake buga wa umarni, wanda ake kira shel. Ni kuwa na dawo gida da digiri babu aiki, sai ya ce in zo in riƙa shigar da sunaye.

A saman shirin kwamfutar da ya rubuta don shigar da sunayen akwai wasu layuka, shida ko bakwai in ban manta ba, da ban taɓa ganin sun yi komai ba. Na tambaye shi amfaninsu.

Ya ce, "Injiniya, in Inna ta baza shanya za ta unguwa, me take cewa?"

Na ce takan ce wa wata, in kin ga hadari ki kwashe.

"To, su ke nan."

Layukan, in ji shi, zaune suke suna jiran labari: batir ya yi ƙasa, ko wani ya katse aikin, ko an rufe allon. Da labarin ya iso, shel zai tashe su, su adana abin da aka shigar, su rufe fayil kafin na'ura ta mutu.

Na ji, amma da alama bai shige ni ba. Ranar da ya tafi kasuwar Dawanau duba irin, na zauna gyara shirin don ya yi tsaf kamar yadda aka koya mana a makaranta, na goge layukan. Wajen la'asar batir ya mutu, ya tafi da sunayen unguwanni biyu. Babu takarda, domin mutane da bakinsu suka faɗa a kan layi suka koma gida.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wato digiri ya kori mai kwashe shanya." Ya mayar da layukan, ya miƙo mini kekensa. Kwana uku ina bi gida-gida, na haɗa sunayen duka sai ɗaya. Wata dattijuwa ce da ta zo ita kaɗai, ta ce maigidanta na kwance. Ina ganin fuskarta har yau, amma sunan gidan ya ɓace mini, kuma aka rufe jeri ban same ta ba. Ban sani ba ko sun yi shuka a daminar nan.

Yanzu jerin yana hannuna. Muna da sola, kuma wasu 'yan ƙungiya na cewa tunda wuta ba ta ɗaukewa, layukan sun zama tarkace. Wataƙila suna da gaskiya ta wani ɓangare. Nakan tambayi kaina me Yaya Habibu zai ce, kuma ina zaton zai yi murna da solar, sannan ya tambayi wanda zai kwashe shanya ranar da ta ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wata nakan zare wayar batir da gangan in ga ko layukan za su tashi. Suna tashi. Muddin ina kan kujerar nan babu mai taɓa su, kuma wanda zai gaje ni sai ya zare wayar da hannunsa a gabana.

Bai bar gona mai faɗi ba, bai bar suna a gari ba. Layukan nan ya bari, suna jira har yau.

Duk wanda ya shaidi wancan rabon iri ya ga na yi kuskure, ina roƙo ya aiko da gyara ta hannun edita. Musamman wanda ya san dattijuwar nan ko 'ya'yanta. Na bar musu layi a jerin, ina jiran suna.