Maman Ngono, Mai Sauraron Laka

Kowace safiya, kafin masu tuyar fanke na unguwar Melen su gama, Maman Ngono ta riga ta shige ɗakinta na ƙarshen baranda. Ɗakin ba taga, ga sanyi kamar na ajiye gawa. Za ta yanko lakar ƙashin bayan ɓera siriri, ta sa a ruwan gishiri mai tsattsafo da iska, ta soka mata allurar gilashi wadda ta fi gashi sirantaka, sannan ta kunna lasifika. Ɓeran ya mutu, amma lakar tana ta ƙara, tas-tas-tas, kamar an zuba rogo a mai. Ni nake wanke kwalabe a wannan cibiyar bincike ta Yawunde.

A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Sunanta bai taɓa fitowa a jarida ba, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ta yi wa gidanmu.

Mahaifina, Papa Ondoa, an yanke masa ƙafa bayan haɗarin babur, ƙanensa Tonton Mvondo ya kai ta ƙauye ya binne. Rauni ya warke, amma ƙafar da babu ita ta ƙi barinsa. Da rana tsaka sai ka ga Papa yana sosa iska yana ihu, wai yatsun sun lanƙwashe suna ci da wuta. Daga nan ya tsaya kai da fata cewa Mvondo ne ya binne ta a murɗe da gangan. Ya sayi shebur, ya rantse zai tono ta a gaban dangi ya tsine wa ƙanensa. Wallahi na tsorata, don irin wannan tsinuwa a wurinmu ba a janye ta.

Da na gaya wa Maman Ngono ina kuka, cewa ta yi, “Kawo mini tsohon nan mai taurin kai.”

Ta zaunar da shi, ta kunna lasifika. Papa ya damƙe sandarsa. “Maman, wa ke kuka a ciki?”

“Ba kowa, Papa. Mai jikin ma ya tafi. Laka ce kawai.”

“To me take wa kuka, tunda ba jiki?”

“Yawwa! Abin da nake so ka tambayi taka lakar ke nan.”

Ta bayyana masa cewa a cikin laka akwai jijiyoyin da aikinsu kawai su tsawata wa zafi ya yi shiru, kuma tsawar tana shiga ne ta wasu 'yan ƙofofi. Masu tsawa, haka take kiransu. Idan ƙofofin suka yi rauni, sai laka ta yi ta kai wa ƙwaƙwalwa ƙarar ciwo ko da babu abin da ya taɓa mutum. Ta ɗiga wani magani mai ƙarfafa ƙofofin a ruwan. Ƙarar ta ragu, ta ragu, ta ɗauke. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba.

Papa ya miƙa hannu. “Zuba mini.”

“Bai kai na mutane ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙila ni da kai ba za mu gan shi ba. Amma akwai likitar da za ta rage maka, zan raka ka.”

Maman, ke ce kika ƙi sayar masa da fatan banza, kuma ke ce kika raka shi asibiti da ƙafarki ranar hutunki. Mai kunnen haƙuri, mun gode. Matasan da za su gaji kujerar nan, ku saurara kamar yadda ta saurara, akwai masu jira.

Ciwon Papa ya ragu, bai tafi ba. Amma ran nan muna fitowa daga ɗakin Maman ya karɓi wayata ya kira Tonton Mvondo. Na ji ya ce, “Mvondo, bar ƙafar nan inda take. Ka binne ta daidai.”