Asabar Ɗin da Muka Karɓo Yaya

Yaya ya rasu wata Asabar da safe, a tsakiyar damina. Ina rumfata a kasuwar Marché Central ta Douala ina warware wa wata mata atamfa, sai waya ta shigo daga garejin manyan motoci na unguwar Bassa inda yake aiki. Mai kiran ya ce Yaya ya yanke jiki ya faɗi a bakin ofis, sun kai shi asibiti, in zo. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na bar wa maƙwabcina rumfa, na hau bayan bensikin, wato ɗan acaɓa, ruwa yana dukanmu har muka isa.

Goma da rabi ta wuce lokacin da na shiga. Wata nas ta zaunar da ni, ta ce rai ya yi halinsa tun kafin a ɗora shi a gado. Na yi salati, na nemi ta nuna mini inda yake. Ta ce an riga an sauka da shi la morgue, ɗakin sanyi da ake ajiye gawa, domin ɗan'uwanmu ya zo ya sa hannu a ajiye shi mako guda. Na ce mata mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, ɗayan kuwa shi ne ya rasu. Ta buɗe babban littafi ta juyo mini da shi. Na gane rubutun tun kafin in karanta sunan. Shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne. A gurbin dangantaka ya rubuta frère, wato ɗan'uwa.

Bai yi ƙarya ba, a nasa ganin.

Mahaifinmu ne ya kai mu makarantar kwana ta 'yan Katolika, can cikin duwatsu, tafiyar rabin yini daga Douala. A unguwarmu ta New Bell an yi surutu sosai. Ƙanensa, Baffa, ya ce za mu dawo da gicciye a wuya. Mahaifinmu ya ce yana son mu iya Faransanci da lissafi, kuma ya ji a can ba a wasa. Mu biyu ne kaɗai Musulmi a ɗakin kwananmu. Fada, limamin cocin makarantar, ya ba mu wani ɗan sito a bayan kicin muna salla, tsakanin buhunan wake. Idan an shiga coci, dokar makaranta ce kowa ya shiga, sai mu zauna a benci na ƙarshe, hannu a cinya, har a gama.

Yaron da gadonsa ke saman na Yaya shi ne ya zama Shugaba daga baya. Da azumi ana raba abincin yamma tun rana ba ta faɗi ba, kuma duk farantin da ba mai shi, na manyan ɗalibai ne. Shi yake karɓar namu ya kife wani faranti a kai, ya zauna ya ɗora gwiwar hannu a sama har a share ɗakin cin abinci. An taɓa fasa masa leɓe a kan haka. Washegari ya sake zama, da kumburarren baki, yana ce mana mu yi sauri da Allahnmu domin shinkafa ta fara sanyi.

Ni ban yi nisa ba, na bar makaranta na kama kasuwa. Yaya ya gama, kuma bai taɓa rabuwa da su ba. Ƙungiyarsu ta gyara rufin ɗakin kwana, ta kai gadaje da littattafai, tana ɗaukar nauyin marayu. Amma abin da suka fi riƙewa da ƙarfi shi ne mutuwa. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, ko uwarsa ko ubansa, sai a ajiye gawa makonni, a ɗinka anko, a buga hoto, na Turai su sauka, a lulluɓe akwati da tutar makaranta, 'yan ajinsa su ɗauka a kafaɗa. Yaya ya ɗauki akwatuna da yawa. Mutanen unguwa suna gani suna magana, shi kuwa sai ya ce zumunci ne. Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai taɓa zaunar da su ya gaya musu yadda za a yi ranar tasa ba. Su ma ba su tambaya ba.

Na sauka ƙasa na sami ma'aikacin ɗakin gawa, wani dattijo mai takalmin roba. Na ce mu Musulmi ne, yau za mu binne. Ya ce ya san al'adarmu, kuma da an gaya masa tun farko da bai karɓa ba. Amma takarda ta shiga. Wanda ya sa hannu shi zai zo da kansa ya warware, a buga hatimi a ofis, ofis kuwa ranar Asabar ƙarfe ɗaya ake rufewa, sai Litinin. Sannan ya ƙara da wani abu. Duk gawar da za ta kwana, yana yi mata allurar formol, maganin hana ruɓewa, da zarar ya dawo daga cin abincin rana, kafin zafi ya taɓa ta. Wannan ma yana cikin takardar.

Na roƙe shi ya jira. Ya ce zai fara da sauran, ya bar namu a ƙarshe, iyakar abin da zai iya ke nan.

Na kira Shugaba. Layinsa a cike. Na sake kira, a cike. Daga baya na gane duniya yake sanarwa, daga Yaoundé har Faransa. Na tura saƙo, ba a buɗe ba. Sai na kira gida. Labari ya riga ni isa, ina jin kukan matar Yaya daga nesa. Inna ta karɓi wayar. Ba ta yi kuka ba.

“Yaushe za ku kawo shi?”

Na ce akwai 'yar takarda da ake cikewa.

“An ɗora ruwa. Ku kawo mini ɗana a yi masa sutura.”

Na jawo benci na zauna a bakin ƙofar ɗakin gawa, yadda ba mai shiga sai ya tsallake ni. Ina kira, ina duba agogo. Sha ɗaya da rabi Baffa ya iso, babbar rigarsa ta jiƙe har gwiwa, da ƙullin likkafani a leda a hammatarsa. Ya riga ya aika a fara haƙa kabari, ya gaya wa liman bayan la'asar. Na yi masa bayani. Na zaci zai yi faɗa. Ya zauna kusa da ni, ya ɗora ledar a cinya, ya ce shekara talatin ke nan da ya gaya wa ubanmu. Ya ce ya yi zaton da ransu za a ƙwace yaran, ashe sai sun mutu.

Ni ma makarantar na yi, kuma a wannan lokacin ban san gefen da nake ba.

Sha biyu ta yi. Dattijon ya fito, ya wanke hannu a famfo, ya wuce wajen masu abinci bai dube mu ba. Sha biyu da kwata Shugaba ya ɗauki waya. Kafin in yi magana ya ce kada in damu da komai, ƙungiya ta ɗauke mana duka, yana wajen masu furanni. Na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo asibiti yanzu, kafin ɗaya. Ya ji muryata, ya ce ga shi nan. Ruwa ya cika hanya, motoci sun cushe, na san haka. Na ci gaba da kallon agogo.

Dattijon ya dawo yana sakace. Ya ce mu ɗan matsa, muka matsa. Ya shiga ya turo ƙofa. Ina jin ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe daga ciki. Baffa ya fito da carbi, amma ban ga yatsunsa suna motsi ba.

Ɗaya saura ashirin Shugaba ya shigo da gudu, tare da mutum uku 'yan ajinsu. Ya bar motarsa a hanya ya hau bensikin, kwat ɗinsa tana ɗiga. Idanunsa sun yi ja. Ya rungume ni yana kirana petit Alhaji, wato ƙaramin Alhaji, sunan da suke tsokanata da shi tun muna yara. Ya fara lissafa mini abin da aka shirya. An zaɓi yadin anko. Fada na yanzu ya yarda a kaɗa ƙararrawar makaranta. Mutum huɗu za su taso daga Turai. Ya ce ya san mu muna gaggawa, shi ya sa ya yi faɗa da kwamiti ya ce mako ɗaya tak, ba uku ba.

Na ce ba mako ɗaya ba, yau.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce yau ba wanda zai zo, ko tuta ba a ɗauko ba, tana can makaranta.

“Mutumin nan ya ɗauki uwata a kafaɗarsa, daga coci har rami. Kana so in bari a binne shi kamar wanda ba shi da kowa?”

Baffa ba ya jin Faransanci sosai. Ya taɓa ni ya ce me yake cewa. Na fassara. Ya miƙe tsaye, da ledar a hannunsa.

“Gaya masa a wurinmu, wanda ba shi da kowa shi ake bari a firji.”

Ban fassara wannan ba. Ɗaya daga cikin mutum ukun ya fara cewa ai marigayin ɗan ƙungiya ne cikakke, yana da haƙƙinsa, akwai tsarin mulki. Wani ya ce a kira matarsa a ji ta bakinta. Agogon bango ya nuna saura kwata. Daga cikin ɗakin na ji an turo wani gadon ƙarfe.

Ni ba mai iya magana ba ne. Na kama hannun Shugaba na ja shi gefe, na ce ko ya tuna farantin da yake kifewa. Ya ce ya tuna. Na ce a lokacin bai taɓa tambayarmu dalili ba, ya dai san abin yana da lokacinsa, ya tsare mana har lokacin ya yi.

“Wannan ma lokacinsa yau ne, kafin rana ta faɗi. Inna ta ɗora ruwa. Kai kaɗai ne za ka iya buɗe ƙofar nan.”

Ya tsaya. Ya kalli ledar da ke hannun Baffa, ya tambaye ni mene ne a ciki. Na ce kayan da Yaya zai sa ne. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan, farin yadi.

Ya juya ya hau matakala bibbiyu, ina binsa. Matar ofis ta riga ta rataya jaka tana neman makulli. Ban san abin da ya gaya mata ba, da yarensu ya yi, a hankali, hannunsa a ƙirji. Ta yi tsaki, ta ajiye jakar, ta jawo hatimi. Na karɓi takardar tawada ba ta bushe ba, na sauko da gudu na buga ƙofa da tafin hannu. Dattijon ya buɗe, da safar roba a hannunsa. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa.

“Saura mutum ɗaya kafin shi,” in ji shi.

Muka kai Yaya gida. Inna ta dafa goshinsa, ta ce ya yi sanyi, sannan ta yafe masa. Baffa da liman suka yi masa wanka. Bayan la'asar aka jera sahu a ƙofar masallaci, a kan kwalta mai danshi. Kafin nan 'yan makaranta sun kai ashirin, duk wanda ke cikin gari ya bar abin da yake yi. Ba wanda ya gaya musu inda za su tsaya. Suka koma can baya, jikin katangar wani shago, suka haɗa hannu a gaba, suka yi shiru har aka sallame.

A ƙofar maƙabarta aka sauke makara daga mota. Mu ba mu da 'yan ɗauka na musamman, kowa yana sa kafaɗa ya yi 'yan taku ya ba na bayansa. Shugaba yana tafe a gefe, yana kallon yadda ake karɓa ana saki, hannayensa a rataye. Baffa yana riƙe da gaba ta dama. Da muka kai rabin hanya sai ya waiga, ya dube shi, ya yi masa alama da kai, ya zame kafaɗarsa. Shugaba ya shiga gurbin. Ya fi sauran tsawo, makarar ta ɗan karkata, ya rage tsawonsa ya daidaita. Bai san ana saki ba. Ya riƙe har bakin kabari, kuma ba wanda ya taɓa shi.

Mun gama rufe ƙasa rana tana saman rufin gidaje. Muna fitowa aka kira magariba. Furannin da ya saya suna cikin motarsa, inda ya bar ta a hanya tun da rana.