Takalma a Bakin Rijiyar Baba

Ni dai ba mai yawo ba ce. A Birni aka haife ni, nan cikin Damagaram, aka kai ni aure unguwar Kara-Kara, kuma in ka cire biki da ta'aziyya, ƙafata ba ta san wata hanya ba sai ta tsakar gida zuwa madafa. Lakwal ma aji biyu na yi. Mushe, malaminmu, ya gaji da surutuna, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu lafiya. Ɗan abin da na sani na duniya, a bakin wutar Kaka Fanna na tsince shi.

Kaka Fanna uwar babana ce, Babarbariya, doguwa, da zane a kumatu da goro a kunci. Ɗakinta yana jingine da guntun tsohuwar ganuwa da ya rage a bayan gidanmu, wanda awaki suka mai da wurin shan hantsi. In sanyi ya shigo, da an idar da isha'i sai a kawo mata kaskon wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya tura gyaɗarsa cikin toka yana gadin ta da tsinke. Ta iya muryar kura, ta iya ta biri, ta iya ta tsohuwa mai rowa har sai Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Wannan ai da ni ake." Maza ta ce musu angwayenta marasa cefane, ni kuwa Uwar-surutu.

Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba: a bar takalmi a ƙofar ɗakinta. Duk wanda zai shiga sai ya cire, ya riƙo a hannu, ya tura ƙarƙashin gado. Wata rana na so in yi abin kirki, na kwashe takalmanmu duka na jera su a ƙofa, manya a dama, ƙanana a hagu. Da ta fito alwala ta gani, sai ta sa ƙafa ta watsa su har cikin kwata. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Na yi kuka, ba ta lallashe ni ba. Sai da aka kawo wuta ta jawo ni jikinta.

"Ga ta nan gare ku," in ji ta, "amma yau kada wanda ya ce ta zo. Ta riga ta zo, ta ci mutane."

Ta ce can gabas, hanyar Damagaram Takaya, a gindin wani dutse da ya tsage biyu, an yi wani gari na marina. Nan aka haifi kakarta, Ya Gana. Rijiyoyin rini sun fi arba'in, kowace zurfinta ya shanye mutum biyu, an shafe cikinta da laso sumul, an kifa mata murfin kaba mai tsini kamar jinka. Garin masu hali ne, har mata suna da takalman fata. Suna da doka guda da ake koya wa yaro tun kafin ya iya riƙe muciya: ba a shiga rijiyar baba da takalmi. Takalmi yana fasa laso, kuma rijiya uwa ce, ita take ci da gari, ba a taka cikin uwa da ƙazantar hanya.

Da bazara ake kwashe ruwan rijiyoyi a kankare katsi, dattin rinin da ya daskare, a sake shafe, don haka yawancinsu a bushe suke ranar da mahara suka zo. Kaka ba ta taɓa faɗin ko su wane ne ba. In mun tambaya sai ta ce, "Jikokinsu suna sayar mana da gishiri, ku bar shi nan." Samari suka tare su a ƙofar gari, kibiya ta sami ɗan jagoran maharan a maƙogwaro. Uban ya sauko ya zare ta da hannunsa, ya rantse ba zai kama bawa ko ɗaya a garin ba.

Da aka ga ƙofa za ta karye, manya suka ce a faɗa rijiyoyi a ja murfi. Wa zai nemi mutum a cikin rini? Mata suka zuba mundayensu a hannu, suka goya yara, aka yi ta zura su da rawani. Ya Gana tana da shekara kamar bakwai, uwarta ta rasu, tana can wajen awaki. Kafin babanta ya samo ta, ko'ina ya cika. Sai ya zura ta ita kaɗai cikin wata tsohuwar rijiya da ta tsage aka daina aiki da ita, ya jefa mata doguwar muciyar rini, ya ce, "Ko ni na kira ki, kada ki amsa." Ya rufe, ya ruga ya kutsa cikin rijiyar da ke kusa.

A nan Kaka take tsayawa ta gyara garwashi.

"Kai yana gudun mutuwa," in ji ta, "ƙafa kuwa ba ta sani ba. Abin da ta saba ta yi."

Kowa da ya zo bakin rijiya ya cire takalminsa. Ba wanda ya yi shawara, ba wanda ya lura. Mahara suka shigo suka tarar da gari wayam, tukwane a kan murhu. Har sun juya, sai ɗayansu ya bi ta marina ya ga takalma a jere, ƙafa biyu-biyu, kowanne yana fuskantar rijiyarsa.

Ya Gana ba ta ga komai ba, ji ta yi. Ta ji muryar mutum yana tafe yana cewa, "Nan uku. Nan biyar, da mace." Ta ji ana cire jinkar ɗakuna ana jawowa. Suna cinna wa murfi wuta su danna shi ciki da mashi, su bi shi da karan dawa. Wanda ya yi tsalle ya kama baki, su sare yatsun, ya koma. Wata mata ta miƙo jaririnta sama tana roƙon a karɓa, aka karɓa, aka mayar mata da shi ta kan mashi. Ta ji muryar babanta daga rijiyar da ke kusa yana salati, salatin ya zama tari, tarin ya tsaya. Sau biyu inuwar ƙafa ta gitta ta kan murfinta. Yaro ba ya sa takalmi a zamanin, bakin rijiyarta babu komai.

Kwana biyu ta yi kafin ta jingina muciya ta hau. Takalman suna nan yadda aka bar su, wasu ko zafin wuta bai taɓa su ba. 'Yan tsirarun da suke daji ranar suka dawo. Ba yadda za a fito da gawa a yi mata wanka, sai suka yi salla a tsaye a bakin marina, suka cika kowace rijiya da ƙasa, suka ɗora duwatsu. Daga nan aka watse. Wani falke ya kawo Ya Gana birni.

Mun jira ta rufe da kan kusu yadda ta saba. Ta ce, "Wannan ba a yanke mata kai. Ku tashi ku kwanta." Gyaɗata ta ƙone ƙurmus ban sani ba.

Shekaru suka tafi, Kaka ta tafi, labarin ya zauna a bakina. Ni kuwa bakina ba ya riƙe abu. Na ba 'ya'yana shi sau ba adadi, a bakin murhu ina tuƙa tuwo. Kuma mai ba da labari ba ya rasa ɗan gishiri. Kaka ta ce mata sun sa mundayensu. Ni na ce azurfa har gwiwar hannu, da zobba a kowane yatsa. Dutsen da ya tsage biyu ma na siffanta shi kamar na taɓa zama a inuwarsa, alhali ko hanyar ban taɓa bi ba. Ina ganin girmama su nake yi.

Ɗana na biyu, Lawali, ya yi shekara uku a arewa wajen haƙar zinariya. Bai dawo da zinariya ba, ya dawo da aparai, ƙarfen nan mai faifai a baki da ake shafa ƙasa da shi, in ya ji ƙarfe a ciki ya yi ƙara. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, aiki babu. Wata safiya ya zo gaishe ni, ya zauna yana shan koko, ya ce, "Inna, dutsen nan na Kaka, kafin a kai garin yake ko bayan an wuce?" Na ji daɗi wai yaro yana son asalinsa. Na faɗa masa duk abin da na sani.

Kwana huɗu bayan haka aka kira ni gidan likita. Na tarar da shi hannun dama a karye wuri biyu, ƙashi ya huda fata, kai an ɗinke daga goshi zuwa kunne. Su uku suka je kufan a moto, babur ɗaya. Sun tone rijiya biyu, suna cikin ta uku sai mai gonar da ke kewaye da wurin ya zo da ƙotar gatari. Biyun suka tsere. Lawali yana cikin rami, da ya kama baki zai fito, nan ƙota ta same shi.

Na ce, "Me ka samu?"

Ya juya fuska bango. "Gawayi. Da ƙasusuwa. Da wata 'yar munduwar tagulla da ko yatsuna uku ba sa shiga." Sannan ya ce, "Ke kika ce azurfa, Inna."

Na gyara masa mayafi.

Jandarma sun riƙe mai gonar. Na sa ƙanen mijina ya kai ni wani biro, ofishin da aka ce su ke lura da kayan tarihi. Wani mushe mai kirki ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, ya buɗe takardunsa. Ya ce fada tana ciki, da wasu tsofaffin gidajen Birni, waɗannan hukuma ta san da su. Kufai irin namu kuwa suna da yawa a daji, ba suna, ba mai gadi. Ya ce zai rubuta, amma in yi tunani: allon alama in an kafa shi a wurin babu mai tsaro, wa yake nuna wa hanya?

Daga nan na wuce wajen jandarma na ce mu ba mu da ƙara. Lawali ya yi wata guda ba ya yi mini magana.

Da aka saki mutumin, na ce sai na je gonarsa. Ranar ce na fara fita Damagaram a mota ba don biki ko mutuwa ba. Sunansa Malam Idi, ɗan tsamurmurin tsoho, ban san inda ya sami ƙarfin karya Lawali ba. Wurin ba wani abin kallo: tarin duwatsu a jere cikin sabara, gero ya kewaye su, ba a taɓa sa garma a tsakani ba. Ramuka ukun ya riga ya mayar da abin da aka fitar, ya rufe.

Ya durƙusa. "Hajiya, ki yafe ni. Na so in tsorata shi ne, hannu ya wuce."

Na ce, "Ban je Makka ba, Malam, kuma ni ce mai neman gafara. Naka ne a ciki?"

"Ko ɗaya. Mu baƙi ne, kakana ya zo ya tarar da su haka. Ya ce wa babana kada a nome, kada a ɗau dutse ko na murhu. Babana ya faɗa mini. Iyakar abin da na sani ke nan."

Shekara sittin yana zagaye wurin da garma bai san ko su wane ne ba. Ni da na san sunan yarinyar da abin da ubanta ya ce mata, ni na aiko da mai tono. Na ga ya kamata ya sani, hakkinsa ne. Na gyara zama a kan dutse, bakina har ya ɗauko, "Can da, garin marina ne..."

Ya ɗaga hannu. "Bar shi a cikinki, Hajiya. 'Ya'yana maza huɗu ne, kuma bana gero bai yi ba."

Muka yi fatiha, ya ba ni kuka da kuɓewa busasshiya, na dawo.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka tana koya mana ne kada sabo ya rufe wa mutum ido. Yanzu ina ganin abin ya fi haka ciwo. Mutanen nan ba wauta ce ta kashe su ba, ladabi ne. Abin da ka girmama, kai kake sa masa alama, kuma ba masoyi kaɗai yake karanta alama ba. Ban ce Malam Idi ya fi Kaka gaskiya ba. Wanda ba a ba da labarinsa ya mutu sau biyu, wannan na yarda. Amma na ga hannun ɗana, har yau ba ya miƙewa, kuma na ga ramukan.

Jikokina suna zuwa da yamma in sanyi ya shigo, har da na Lawali. Ina ba su labarin, ban rage wuta ba, ban rage mashi ba. In sun ce, "Kaka, a ina ne?" sai in ce a wani gari mai nisa. Lawali ya rantse mini ba zai nuna wa kowa ba, kuma kunya ma ba za ta bar shi ba. Daga mu biyu hanyar ta ƙare a gidanmu. Wata rana jikan jikana zai wuce ta gindin dutsen nan a mota, ya ga tarin duwatsu cikin gonar wani, ba zai san ya yi sallama ba. Na auna wannan, na ga zan iya ɗauka.